Tsohon ginin Kotun Ƙolin Singafo: daga zauren shari'a zuwa gidan zane-zane

Malam Habibu Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A makon jiya ina shirya wa ɗalibaina darasi kan ƙasashen da Birtaniya ta mulka a kudu maso gabashin Asiya, sai na ci karo da wani al'amari da ya tsaya mini a rai. Singafo, tsibirin nan da faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 800 ba, tana da wani tsohon gini mai koriyar ƙubba wanda ya kasance mazaunin Babbar Kotu da Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1939 har zuwa 2005. Gwamnan Turawa Shenton Thomas ne ya aza harsashinsa ranar 1 ga Afrilu 1937, shi ne kuma ya buɗe shi ranar 3 ga Agusta 1939, wata guda kacal kafin yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a Turai. Yau babu alƙali ko ɗaya a cikinsa, domin an haɗe shi da ginin majalisar birni da ke maƙwabtaka da shi, an mayar da su gidan baje kolin zane-zane na ƙasa, wanda aka buɗe a watan Nuwamba 2015. Ni dai a ganina wannan rage daraja ce. Wurin da aka shekara 66 ana yanke hukunci kan rayuka da dukiyoyin mutane bai kamata ya koma inda masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto ba. Ina so masana shari'a da masana gini na wannan zaure su gyara mini idan na kuskure.

Injiniya Sule:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sa na taɓa shiga wannan gini lokacin da aiki ya kai ni can, kuma abin da na gani ya sa ba zan bi ka a kan wannan ra'ayi ba. Ba a rushe muhimman sassan ginin na asali ba, tun da dai an sanya ginin cikin jerin kayan tarihin ƙasa tun 1992, abin da ya ɗaure hannun duk mai son taɓa shi. Na shiga ɗakin tsare waɗanda ake tuhuma, ɗaya daga cikin biyu da aka bari yadda suke, ɗan ƙuntataccen ɗaki mai dakalin siminti da masai a gefe. Daga nan akwai siririyar hanya da matakala da ake bi da mutum, sai kawai ya ɓullo ta wata ƙofa a ƙasan akwatin da wanda ake tuhuma ke tsayawa, ba tare da ya ratsa cikin jama'a ba. Na tsaya a ƙasan matakalar nan na ɗaga kai, sai na ji jikina ya yi sanyi, domin na tuna cewa mutane da yawa sun hau ta ba su san ko za su sake kwana a gidajensu ba.

Lokacin da ginin yake kotu, wa ke ganin wannan hanya in ban da fursuna da ɗan sandan da ke riƙe da shi? Yanzu kuwa ɗan makaranta yana iya shiga ya gani, ya leƙa ofishin Alƙalin Alƙalai, ya zauna a zagayayyen ɗakin karatun da lauyoyi suka yi amfani da shi a tsakiyar ginin. Shi ya sa nake ganin an buɗe tarihin ne, ba rufe shi aka yi ba.

Dangane da ginin kansa, Frank Dorrington Ward, babban mai zanen gine-gine na ma'aikatar ayyuka ta lokacin, shi ne ya tsara shi, a filin da wani babban otal na Turawa ya taɓa kasancewa. Wani ɗan Italiya mai suna Rudolfo Nolli ya yi aikin manyan ginshiƙan gaba da adon fuskar ginin. Shi ne gini na ƙarshe da aka yi a Singafo a kan salon tsoffin gine-ginen Girka da Rum. A goshin ginin akwai sassaƙen mace mai riƙe da sikeli da takobi, alamar adalci a al'adar Turawa, sai dai ita wannan ba a ɗaure mata idanu da ƙyalle ba kamar yadda aka saba gani a wasu wurare.

Barista Rabi:
Malam Habibu, da izininka zan ƙara da cewa ba don raini aka bar ginin ba, don ya yi wa aikin kaɗan ne. An gina shi ne domin ƙaramin gari na 'yan kasuwa ƙarƙashin mulkin mallaka, kuma tun kafin a tashi daga cikinsa sai da kotun ta cika ta tumbatsa har aka mayar da wasu sassan ginin majalisar birni ɗakunan shari'a. Sabon ginin yana bayan tsohon ne, kamfanin Norman Foster na Ingila ya zana shi, kuma a samansa akwai wani zagayayyen ɗaki mai kama da faifai, inda Kotun Ɗaukaka Ƙara ke zama. Abin lura ga masu karatu shi ne tsarinsu ya bambanta da namu a suna. Abin da suke kira Kotun Ƙoli ba kotu ɗaya ba ce a sama kamar tamu ta Abuja, inuwa ce da ta haɗa Babbar Kotu da Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma ita ta ƙarshen ce kotun Allah ya isa a wurinsu.

Alhaji Mamman Maraɗi:
Ni ba lauya ba ne ba kuma injiniya ba, amma idan aka ambaci wannan gini abu ɗaya ne ke faɗo mini, wato shari'ar Nadra. Ina mamakin yadda aka yi nisa a zancen ba wanda ya taɓo ta, alhali ita ce ta fi kowace shari'a nuna abin da ginin yake nufi ga talakan ƙasar a wancan zamani.

Yarinyar sunanta na yanka Maria Hertogh, an haife ta a tsibirin Jaba, cikin Indonesiya ta yau, a 1937, iyayenta mabiya ɗariƙar Katolika ne, mahaifinta kuma soja ne a rundunar Holan. Da Japanawa suka kama uban a lokacin yaƙi, sai uwar ta miƙa yarinyar ga wata aminiyar gidansu Musulma mai suna Aminah a ƙarshen 1942. A nan ne bakin mutanen biyu ya saɓa: uwar ta ce ta ba da ita ne na 'yan kwanaki, Aminah ta ce riƙo aka ba ta har abada. Yarinya ta tashi a hannun Aminah a ƙasar Malaya, tana Musulma, tana jin harshen Malay, ana kiranta Nadra. Bayan yaƙi iyayen suka yi ta cigiya har aka gano ta, magana ta je gaban Babbar Kotun Singafo a 1950. Ana cikin ja-in-ja aka ɗaura mata aure da wani matashin malamin makaranta, Mansoor Adabi, tana da shekara 13. Ranar 2 ga Disamba alƙali ya rushe auren, bisa hujjar cewa dokar Holan ce ke kanta tun da ubanta ɗan can ne, kuma ba ta kai shekarun aure ba a wannan doka, sannan ya mayar da ita ga iyayenta. Abin da ya ƙara rura wutar shi ne ajiye ta da aka yi a gidan mata masu zaman zuhudu na coci kafin a tafi da ita, jaridu kuma suka yi ta buga hotunanta a can. Ranar 11 ga Disamba jama'a suka cika filin Padang da ke gaban kotun suna jiran sakamakon roƙon da Aminah ta shigar, sai kotu ta yi watsi da shi cikin kamar minti biyar. Daga bakin ƙofar ginin nan tarzoma ta tashi, aka kwana biyu ana yi, mutum 18 suka mutu, 173 suka jikkata.

To Malam Habibu, ga wanda kakansa ya tsaya a filin nan a ranar, wace daraja ce ginin yake da ita da har za a ce an rage ta?

Malam Habibu Zariya:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, ka kawo hujja mai nauyi, amma ina ganin tana goyon bayana ne. Irin wannan tarihi shi ya sa nake son a bar ginin a matsayin gidan tarihin shari'a zalla, inda duk wanda ya shiga zai fito da labarin Nadra da makamantansa, ba wai hankalinsa ya rabu tsakanin zanen fenti da ɗakin fursuna ba.

Barista Rabi:
Alhaji, ina neman afuwa, akwai wurin da ya kamata a yi wa alƙalin adalci. Ta fuskar dokar da ke gabansa, ƙa'idar cewa ƙaramin yaro yana bin mazaunin ubansa a doka tsohuwar ƙa'ida ce a shari'ar Ingila, ba don Nadra aka ƙirƙiro ta ba, kuma kowane lauyan da ya yi karatu a Nijeriya ya haddace ta. Kuskuren da ya fi muni, a nawa fahimtar, ba a cikin takardar hukuncin yake ba, a wajen hukuma yake, wadda ta kasa gane cewa kai yarinyar da ta tashi Musulma gidan coci alhali ƙara ba ta ƙare ba tamkar zuba fetur ne a wuta. Duk da haka na yarda da kai cewa matsalar ta fi alƙali ɗaya girma, domin kotun baƙi ce, da dokar baƙi, da harshen baƙi, tana hukunta auren da jama'ar gari suke ganin halal ne a addininsu. Ba a yi shekara goma da wannan ba aka kafa Kotun Shari'ar Musulunci a Singafo a 1958, sannan a 1966 aka yi dokar tafiyar da harkokin Musulmi, wadda har yau take kula da aure da saki da gado na Musulmin ƙasar.

Akwai kuma wani reshe na labarin. Lee Kuan Yew, wanda ya zama Firayim Minista a 1959, yana sabon lauya ya kare wasu da aka tuhuma da kisa a wannan tarzoma, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa cewa yadda ya iya juya tunanin mutanen gari masu taya alƙali yanke hukunci ne ya cire masa yarda da wannan tsari. A 1969 gwamnatinsa ta soke tsarin gaba ɗaya, tun daga nan alƙalai kaɗai ke yanke hukunci, har a shari'ar kisa.

Nura Ɗalibi:
Iyayena da yayyena, ina da tambaya. Malam ya ce an buɗe ginin a 1939, kuma na karanta cewa Japan ta ci Singafo a 1942. Me ya faru da kotun a shekarun mamayar?

Malam Habibu Zariya:
Nura, tambayarka ta yi kyau. Sojojin Birtaniya sun miƙa wuya ranar 15 ga Fabrairu 1942, ke nan ginin bai cika shekara uku ba ya faɗa hannun wasu iyayen gida. Japanawa suka canza wa tsibirin suna zuwa Syonan, suka sake buɗe kotuna ƙarƙashin ikon sojansu. Da reshe ya juya da mujiya, a ginin majalisar birni da ke gefe ne babban kwamandan sojojin ƙawance na yankin, Mountbatten, ya karɓi miƙa wuyan Japan ranar 12 ga Satumba 1945, kuma a 1946 aka gurfanar da jami'an 'yan sandan sojan Japan 21 a cikin wannan kotu kan azabtar da fararen hula da suka kama a watan Oktoba 1943, aka yanke wa 8 hukuncin kisa. Cikin shekara bakwai gini ɗaya ya yi wa Ingila aiki, ya yi wa Japan, ya koma yana hukunta Japan.

Dakta Zulai:
Na bi zancen tun daga farko, kuma ina ganin mun daɗe a zamanin Turawa, mun bar abin da ya fi shafar mai karatu na yau. Sunan da kotunan Singafo suka yi a duniya ba ƙubba ce ta jawo shi ba, kuma an yi shi ne tun suna cikin tsohon ginin da ya yi musu kaɗan. Wee Chong Jin ne ɗan ƙasa na farko da ya zama Alƙalin Alƙalai, daga 1963 zuwa 1990. Wanda ya gaje shi, Yong Pung How, lauya ne da ya daɗe a harkar banki, ya tarar da shari'o'i kusan 2,000 sun taru a Kotun Ƙoli, wasu sai an shekara da shekaru kafin a saurare su. Ya ƙara alƙalai, ya tsaurara ba da ɗage zama, ya sa ana zama da lauyoyi kafin ranar shari'a a tsayar da abin da ake jayayya a kai, cikin 'yan shekaru tarin ya narke. Shi ne kuma ya sa aka ajiye hular gashin nan ta Turawa, wadda har gobe lauyoyinmu ke fama da ita a zafin watan Afrilu. Zuwa shekarar 2000 sun fara shigar da takardun ƙara ta kwamfuta.

Na taɓa bin wata shari'ar fili ta gidanmu a wata babbar kotun jiha, a sabon gini mai sheƙi da na'urar sanyaya ɗaki, inda muka yi shekara shida muna zuwa ana ce mana alƙali ya tafi taro, ko fayil ya ɓata, ko lauyan ɗaya ɓangaren ba shi da lafiya, har mahaifina ya rasu bai ji hukunci ba. Tun daga lokacin na daina auna kotu da kyan gininta.

Barista Rabi:
Dakta, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Duk abin da kika faɗa gaskiya ne, amma kada mu yi tuya mu manta da albasa, domin sauri daban, 'yancin alƙali daban. A harkar kasuwanci da kwangila ba mai musun ƙwarewar kotunan Singafo, har a 2015 suka buɗe kotun kasuwanci ta ƙasa da ƙasa wadda alƙalai daga wasu ƙasashe ke zama a cikinta. Inda ake sukar su shi ne shari'o'in da suka shafi siyasa. J. B. Jeyaretnam, ɗan adawa na farko da ya ci kujerar majalisa bayan samun 'yancin kai, a zaɓen cike gurbi na 1981, an same shi da laifi kan kuɗin jam'iyyarsa, ya rasa kujerarsa, aka kuma cire shi daga jerin lauyoyi. Ya kai kuka Landan, gaban kwamitin shari'a na majalisar Sarauniya, wanda a lokacin shi ne matakin ƙarshe na ɗaukaka ƙara. A 1988 kwamitin ya mayar masa da lasisinsa, ya kuma bayyana cewa an yi masa mummunan zalunci. Shekara ɗaya bayan haka aka taƙaita kai ƙara Landan, a 1994 aka rufe ƙofar baki ɗaya. Daga baya ƙararrakin ɓata suna da shugabannin jam'iyya mai mulki suka shigar a kansa suka kai shi ga tsiyacewa a 2001. Gwamnati tana cewa shugaba yana da haƙƙin kare mutuncinsa kamar kowa, kuma ƙasa mai cin gashin kanta ba ta buƙatar alƙalan waje, masu suka kuwa suna cewa an mayar da kotu sandar dukan adawa.

Wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. A rikicin Akintola da Adegbenro kan kujerar Firimiyan Jihar Yamma, kwamitin na Landan ya ba Adegbenro gaskiya a 1963, sai aka gyara tsarin mulkin jihar yadda hukuncin ba zai yi aiki ba, kuma a shekarar ce Nijeriya ta zama jamhuriya ta daina kai ƙara can.

Alhaji Mamman Maraɗi:
Barista, ai ni ban ga laifin rufe ƙofar Landan ba. Wanda ya ce ya karɓi 'yanci, amma hukuncin ƙarshe yana hannun wanda ya mulke shi, to da sauran igiya a ƙafarsa.

Barista Rabi:
Haka ne Alhaji, ni ma ba na kiran a koma. Abin da nake nunawa shi ne lokacin da aka zaɓa aka yi shi, a ƙasashen biyu, ya biyo bayan hukuncin da bai yi wa masu mulki daɗi ba ne, kuma mai nazarin tarihin kotu ba zai kau da kai daga wannan ba.

Dakta Zulai:
Tun da an kawo Nijeriya, akwai shari'ar da ta haɗa mu da wannan kotu kai tsaye. An kama wani matashi ɗan Nijeriya, Iwuchukwu Amara Tochi, a filin jirgin saman Changi na Singafo a watan Nuwamba 2004 da ƙwayoyin hodar iblis nau'in heroin da suka haura giram 700. Dokarsu a lokacin ta wajabta hukuncin kisa ga duk wanda aka samu da fiye da giram 15, alƙali ba shi da ikon sassautawa. Babbar Kotu ta yanke masa hukunci a 2005, Shugaba Obasanjo ya roƙi a yi masa afuwa, ba a karɓa ba, aka rataye shi ranar 26 ga Janairu 2007 yana da shekara 21. Sai a 2012 aka gyara dokar, aka ba alƙali damar yanke ɗaurin rai da rai ga ɗan aike idan ya cika wasu sharuɗɗa. Ina kawo wannan ne domin matasanmu masu karɓar saƙon da ba su san abin da ke cikinsa ba a filin jirgi, kuma domin a ga cewa saurin da na yaba ɗazu yana da kaifi ta kowane gefe.

Malam Habibu Zariya:
Na ƙaru ƙwarai. Injiniya ya sa na janye kalmar rage daraja, tun da ɗakin tsarewar da matakalar suna nan kowa yana gani, amma har yanzu ina kan bakana cewa gidan tarihin shari'a zalla ya fi dacewa da wurin. Darasin da zan yi wa yara ranar Litinin zan fara shi ne daga filin Padang ranar 11 ga Disamba 1950, ba daga ginshiƙan Nolli ba.

Nura Ɗalibi:
Injiniya, wani abokina ya ce akwai abin da aka binne a ƙarƙashin ginin. Gaskiya ne ko ƙarin gishiri ne?

Injiniya Sule:
Gaskiya ne, ƙanena. A ƙarƙashin dutsen harsashin da ke zauren shiga akwai wani akwati da aka rufe ranar da aka aza shi, ɗauke da sulallan da ake kashewa a lokacin da jaridun Singafo na ranar 31 ga Maris 1937, kuma an ƙayyade cewa ba za a buɗe shi ba sai shekara ta 3000. Masu gyaran ginin ba su taɓa shi ba, ana tafiya a kansa kullum. Da Alhaji ya ambaci shekarar haihuwar Nadra sai na koma na duba ranar, na ga 24 ga Maris 1937 ce, ashe ranar da aka buga jaridun nan tana jaririya 'yar kwana bakwai a tsibirin Jaba.